Yadda Ake Amfani da Yoga Wajen Tallafa wa Mai Ciwon Damuwa

Wanda bai taɓa fama da ciwon damuwa ba yakan ɗauka baƙin ciki ne kawai da ya daɗe. Wanda ya sha shi ya san abin ya wuce nan. Gari ya waye, idonka biyu tun cikin dare, amma jikinka kamar an ɗora masa buhun yashi. Waya na ƙara a gefen filo, ka ga sunan mutumin da kake ƙauna, ka zuba mata ido har ta gaji ta tsinke. Wanka ya zama aiki, amsa gaisuwa ta zama aiki. Masu sonka su ce ka daure, ka cire abin a ranka, ba su san cewa ƙarfin da ake daurewa da shi ɗin ne ciwon ya fara cinyewa ba.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo, kuma ya fi kama mata fiye da maza. Don haka ko da yake zan riƙa cewa "ka" saboda sauƙin magana, da mace da namiji nake. Likitoci kan kira shi ciwo idan ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, yawancin yini, tare da irin su lalacewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali da ganin kai ba a bakin komai ba.

Abin da nake so mu yi magana a kai shi ne yadda yoga za ta iya zama abokiyar tafiyar magani. Abokiyar tafiya na ce, domin yoga ba ta maye gurbin likita, kuma duk wanda ya ce maka ka ajiye ƙwayoyinka ka kama tabarma, ka guje shi. Amfaninta a wani wuri yake: lokacin da tunani ya cije ya ƙi motsi, jiki yakan yarda ya ɗan motsa, kuma ta nan ake samun ƙofar shiga.

Me aka sani game da amfaninta?

Yoga daga Indiya ta fito, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Sunan daga harshen Sanskirit yake, daga kalmar da ke nufin haɗa abu biyu wuri guda. A watan Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. Amma shahara ba hujja ba ce, don haka bari mu duba abin da masu bincike suka gano.

A watan Fabrairun 2024 mujallar likitanci ta BMJ da ke Ingila ta wallafa wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218, waɗanda mutum fiye da 14,000 suka shiga. An gano cewa tafiya ko sassarfa, da yoga, da ɗaga nauyi duk suna rage alamomin ciwon damuwa daidai gwargwado, kuma yoga da ɗaga nauyi su ne mutane suka fi iya jurewa ba su watsar ba. Masu nazarin da kansu sun ja hankali cewa yawancin gwaje-gwajen ba su kai ingancin da ake so ba, abin da ke nufin a ɗauki sakamakon da hannu biyu amma kada a kai shi inda bai kai ba. Tun a 2016 ƙungiyar ƙwararru ta CANMAT da ke Kanada ta sanya yoga cikin abubuwan da za a iya ƙarawa a kan magani ga mai ciwo mara tsanani ko matsakaici. A Indiya kuwa, cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta NIMHANS da ke birnin Bengaluru tana da sashe na musamman da ake koya wa majinyata yoga tare da maganinsu.

Ta yaya take aiki? Wani ɓangare a bayyane yake: motsa jiki ne, kuma motsa jiki na taimaka wa barci da kuzari. Wani ɓangaren ya shafi numfashi. Akwai wata doguwar jijiya da ake kira begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuwa zuciya, huhu da ciki. Ita ce babbar hanyar tsarin da ke kwantar da jiki bayan tashin hankali. Duk lokacin da ka saki numfashi a hankali, bugun zuciyarka na ɗan raguwa, kuma wannan jijiya ce ke aikin. A Jami'ar Boston ta Amurka, Dakta Chris Streeter da abokan aikinta sun auna ƙwaƙwalwar masu yoga a 2007, suka ga sinadarin GABA, wanda ke lafar da zumuɗin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya ƙaru da kashi 27 cikin ɗari bayan zaman awa guda. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, amma binciken ya buɗe hanya. A 2017 suka gwada yoga da numfashi biyar a minti ɗaya ga masu ciwon damuwa na tsawon mako 12, aka ga sauƙi a waɗanda ke zuwa aji sau biyu a mako da waɗanda ke zuwa sau uku.

Akwai tambayar da na san tana ran masu karatu da yawa, kuma ba zan tsallake ta ba. Yoga tana da tushe a addinan Indiya, kuma wasu nau'o'inta na ɗauke da waƙe da kiran sunayen abubuwan bautarsu. Wannan ne ya sa a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana Musulmi yogar da ta ƙunshi irin waɗannan abubuwa, ta kuma bar wadda motsa jiki ce zalla. Abin da ke cikin wannan bayani miƙa ce da numfashi da hutawa. Babu waƙe, babu rusuna wa rana, babu kalmar da za ka furta. Idan duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malamin da ka yarda da shi, kuma ka sani tafiya da ƙafa ma tana cikin abubuwan da binciken ya yaba.

Mataki na farko: ka ga likita, ka gaya masa

Idan ba a taɓa duba ka ba, nan za ka fara. Akwai cututtukan da ke shigar burtu da kamannin damuwa, kamar ƙarancin jini da raunin halittar nan ta maƙogwaro mai suna tayirod, kuma gwajin jini ne ke tona su. Idan kana kan magani, ka ci gaba da sha yadda aka rubuta. Magungunan damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsu, wani lokacin har shida ko takwas, kuma yawanci ana ci gaba da su aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Yanke su dare ɗaya na kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon.

Ka gaya wa likita za ka fara yoga, musamman idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, hawan ruwan ido, farfaɗiya, ciwon baya ko na gwiwa, ko kuma an yi maka tiyata kwanan nan. Mai juna biyu ta nemi wanda ya san yogar masu ciki, domin kwanciya rub da ciki da doguwar kwanciyar rigingine ba nata ba ne bayan watannin farko. Wasu magungunan, irin su amitiriftilin, suna sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, don haka kowace tashi daga ƙasa a yi ta a hankali. Mai shan maganin litiyom kuma ya nisanci yogar da ake yi a ɗaki mai zafin da ya kai maki 40, domin yawan gumi na iya sa maganin ya taru a jini.

Abu ɗaya kuma da ba ya jiran gobe: idan tunanin kashe kanka ko cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ba lokacin tabarma ba ne. Ka faɗa wa wani na kusa da kai yanzu, ka je asibiti mafi kusa ko ka kira lambar agajin gaggawa ta inda kake. Faɗin ba abin kunya ba ne, kuma ana samun sauƙi.

Mataki na biyu: ka shirya wuri yadda ba sai ka yi shawara da kanka ba

Wannan matakin ne aka fi rainawa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin komai. Mai ciwon damuwa ba ya rasa sanin abin da ya kamata ya yi. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin farawa. Saboda haka duk wani ƙaramin shinge tsakaninka da farawa, a kawar da shi tun daren jiya.

Lokacin da na fara, nakan naɗe tabarmata in ajiye a bayan ƙofa don ɗakin ya yi kyau. Kwana tara na yi ban taɓa ta ba. Tashi, ɗauko ta, warware ta, matsar da kujera, waɗannan ƙananan abubuwa huɗu sun ishe ni dalilin cewa sai gobe. Ranar da na bar ta a shimfiɗe a gefen gado, inda ƙafata za ta sauka a kanta da zarar na sauko, ranar ce abin ya fara tafiya.

Ba ka bukatar sayen komai. Shimfiɗar da ba ta zamewa, filo ɗaya ko biyu, bargo ko tawul da za ka ninke, bango, da tufafi masu sakin jiki. Ka zaɓi lokaci guda ka ɗaura shi a jikin abin da ka riga ka saba yi, misali da zarar ka wanke fuska da safe. Safiya ta fi, domin masu wannan ciwo da yawa sun fi jin nauyinsa da safe, kuma hasken safiya na taimaka wa agogon jiki ya daidaita barci. Ka buɗe taga ko labule. Kada ka yi a kan cikakken ciki, ka bari awa biyu su wuce bayan abinci mai nauyi. Wayarka kuma ta kasance a wani ɗakin, ko aƙalla a kife.

Alƙawarin da za ka yi wa kanka ƙarami ne: minti biyar. In ka yi biyar ka ji kana son ƙari, ka ƙara. In ba ka so, ka tashi, ka cika alƙawari.

Mataki na uku: numfashi

A nan zan daɗe, domin ko ba ka koyi komai ba sai wannan, ka samu abin riƙewa.

Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafafu a ƙasa. In kwanciya na sa ka barci ko tana jawo tunani, ka zauna a kujera, bayanka a miƙe, ƙafafu a ƙasa. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Minti na farko kada ka gyara komai, ka saurara kawai. Wane hannu ne ke motsi? Yawancin masu damuwa za su tarar na ƙirji ne, numfashin gajere, yana tsayawa a sama kamar mai shirin gudu. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Inda muka nufa shi ne sau biyar ko shida.

Yanzu ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, ka bar cikinka ya taso ya ɗaga hannun da ke kan cibiya. Kada ka cika huhu har wuya, ka tsaya inda kake jin daɗi. Sannan ka sake ta, ta hanci ko ta ɗan tsukakken baki kamar mai hura abu mai zafi, kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Huɗu da shida goma ke nan, wato daƙiƙa goma ga kowane numfashi, sau shida a minti. Ka yi goma irin wannan. Ba su kai minti biyu ba.

Abin lura shi ne fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Idan shida ta yi maka yawa har kana jin kamar iska za ta ƙare, ka koma uku da huɗu. Ba jarrabawa ba ce. Idan ka ji jiri ko kamar ana tsira maka allura a yatsu, alama ce kana jan iska fiye da kima, ka daina ƙirga, ka bar numfashin ya koma yadda ya saba, in ya lafa ka dawo da sauƙi. Kada ka riƙe numfashi a makonnin farko, musamman idan kana da fargaba mai zuwa farat ɗaya.

Hankalinka zai gudu. Kafin ka kai numfashi na uku ka tsinci kanka cikin maganar da wani ya faɗa maka shekara biyar da suka wuce, ko lissafin duk abin da ka kasa. Wannan saƙa da warwarar ita ce abincin ciwon damuwa. Da ka farga, ba faɗa, ba zargin kai, sai ka koma kan hannun da ke kan cibiya ka ci gaba daga ɗaya. Fargawar da dawowar su ne aikin. In ka dawo sau talatin, ka yi atisaye sau talatin ke nan.

Bayan mako ɗaya za ka iya ƙara wani salo da ake kira baramari, wato gunjin ƙudan zuma. Ka shaƙa ta hanci, ka rufe baki, haƙora ba sa haɗuwa, ka fitar da iskar da sautin "mmm" mai laushi har ta ƙare. Za ka ji rawar sautin a leɓe, a hanci, a ƙoƙon kai. Sau biyar ya isa. Amfaninsa biyu ne: yana tsawaita fitar numfashi ba tare da ƙirga ba, kuma sautin yana cike wurin da surutun zuci ke zama.

Akwai salon numfashi masu sauri da ƙarfi, irin su kafalabati da bastirika, da za ka gani a bidiyo ana cewa suna korar kasala. Ka bar su sai da malamin yoga, kuma mai hawan jini, mai farfaɗiya, mai juna biyu da mai yawan firgita kada su kusance su.

Mataki na huɗu: motsa jiki, minti goma zuwa sha biyar

Ƙa'idar ita ce kowane motsi ya bi numfashi, kuma a tsaya a inda ake jin miƙa, ba inda ake jin zafi ba. Jiki magayi ne. Zafi mai suka a gwiwa, wuya ko ƙugu na nufin ka fita daga yanayin nan take.

Ka fara da motsin da ake kira kyanwa da saniya. Ka durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu, bargo a ƙarƙashin gwiwar in ƙasa na da tauri. Da ka shaƙa, ka saki ciki ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe gaba, kai ya ɗan ɗago. Da ka fitar, ka tura ƙasa da hannuwa, ka gantsare bayanka sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, haɓa ta nufi ƙirji. Sau takwas, a hankali. Za ka iya jin ƙashin baya yana ɗan ƙara, ba komai in babu zafi.

Daga nan ka kai mazaunanka kan diddige, ka buɗe gwiwoyi kaɗan, ka sauke goshi kan filo, hannuwa a miƙe gaba. Wannan shi ne balasana, zaman yaro. Numfashi biyar, kana jin bayan haƙarƙarinka na buɗewa. Amma ga wata shawara da ba kowa ke bayarwa ba: a ranar da nauyin ya yi yawa, kada ka daɗe a nan. Duƙunƙunewa da kifa fuska na iya ƙara jan mutum ciki. Ka ɗanɗana ka wuce.

Sai gamsheƙa, wadda ake kira bujangasana. Ka kwanta rub da ciki, tafin hannu a gefen ƙirji, gwiwar hannu manne da jiki. Da shaƙa, ka ɗago kai da ƙirji kaɗan da ƙarfin bayanka, ba da turin hannu ba, cibiya na ƙasa, kafaɗu nesa da kunnuwa. Da fitarwa ka sauka. Sau biyar. Ka lura da yadda mai damuwa ke zama: kafaɗu sun zubo gaba, ƙirji ya rufe, kai a sunkuye. Wannan motsi kishiyar wancan zaman ne, shi ya sa nake ba shi muhimmanci.

Yanzu ka miƙe tsaye, a hankali, kana dafa bango in da bukata. Tsayuwar dutse, tadasana: ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, nauyi ya rabu daidai a kan tafin ƙafa biyu, tsakiyar kai na neman sama. Da shaƙa ka ɗaga hannuwa ta gefe har sama, da fitarwa ka sauke. Sau shida, idanu a buɗe, suna kallon wani abu guda a gabanka.

Sai tsayuwar jarumi. Ka ware ƙafafu sosai, kimanin mita ɗaya. Ka juya tafin ƙafar dama waje, ta hagu ta ɗan karkato ciki. Ka lanƙwasa gwiwar dama har ta zo saitin idon sawu, kada ta wuce yatsu. Hannuwa a miƙe gefe da gefe daidai kafaɗa, ido na bin yatsun hannun dama. Numfashi biyar, sannan ka sauya ɓangare. Cinya za ta yi zafin aiki, wataƙila ta yi rawa. Ka bar ta. Ga wanda ya yi makonni yana jin jikinsa kamar ba nasa ba, wannan ɗumin da bugun zuciyar da ya ɗan ƙaru shaida ce cewa akwai sauran ƙarfi.

Ka koma ƙasa don motsin da ake kira gada. Rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, diddige kusa da mazaunai, hannuwa a gefe. Da shaƙa ka taka ƙasa ka ɗaga ƙugu, da fitarwa ka sauke baya gaɓa bayan gaɓa. Sau shida. Kada ka juya wuya yayin da ƙugu ke sama.

Mataki na biyar: hutawa

Ka matso da mazaunai kusa da bango, ka kwanta, ka jingina ƙafafu a miƙe a jikinsa. Minti uku. Mai hawan ruwan ido ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba ya ɗora ƙwaurinsa a kan kujera maimakon bango. Wannan yanayi ya dace da dare ma, kafin barci.

Daga ƙarshe ka kwanta sosai, filo a ƙarƙashin gwiwoyi, tafin hannu na kallon sama. Ka bi jikinka da hankali daga yatsun ƙafa zuwa kai, kana sakin kowane wuri: ƙwauri, cinya, ciki, kafaɗa, muƙamuƙi, goshi. Muƙamuƙi ne zai ba ka mamaki, ba ka san tun yaushe kake cije da haƙora ba. Minti uku zuwa biyar sun isa. Doguwar kwanciya shiru da ido a rufe ba ta dace da mai farawa ba, domin tana ba tunani fili. In rufe ido na tayar maka da hankali ko yana dawo da wani mugun abin da ya taɓa faruwa da kai, ka bar su a buɗe ka kalli rufin ɗaki.

Wani lokacin hawaye zai zubo a nan, ba tare da ka san dalili ba. Yakan faru, kuma ba alamar ka yi kuskure ba ce. Ka bar shi ya zuba, ka juya ta gefe, ka huta, sannan ka tashi zaune. Amma idan kowane zama yana barinka cikin firgici ko yana tono abubuwan da ba ka iya ɗauka, ka dakata ka kai maganar ga likitanka ko mai ba ka shawara.

Yadda za a tsara makonnin

Mako na ɗaya da na biyu, numfashi da kyanwa da saniya kawai, minti biyar, kullum in zai yiwu. Mako na uku da na huɗu ka ƙara gamsheƙa, tsayuwar dutse da hutawa, ya kai minti goma zuwa sha biyar. Daga mako na biyar ka yi jerin duka, kimanin minti ashirin zuwa talatin, sau uku a mako, sauran ranakun kuma numfashi da ɗan tattaki a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, amma wannan wurin zuwa ne, ba wurin farawa ba. Yawancin gwaje-gwajen da aka ga amfani a cikinsu sun ɗauki mako takwas zuwa 12, don haka kada ka yanke hukunci a kwana goma.

Ka samu ƙaramin littafi. Kafin ka fara, ka rubuta lamba daga 0 zuwa 10 da ke nuna yadda kake ji, bayan ka gama ka sake rubutawa, ka ƙara da awa nawa ka yi barci. Dalilin shi ne ciwon damuwa yana goge tunanin ranakun sauƙi, ya bar maka na wuya kaɗai, har ka rantse babu abin da ya canza. Takarda ba ta mantuwa. Ko daga uku zuwa huɗu ka motsa, motsi ne. Ka tafi da littafin duk ranar ganin likita. Mai yiwuwa shi ma ya auna ka da tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, waɗanda makinsu ke tashi daga 0 zuwa 27, sai ku haɗa biyun ku ga inda aka dosa.

Idan da hali, ka shiga aji ko ka samu abokin yi, ko da sau ɗaya a mako ne. Kaɗaici na ciyar da wannan ciwo, kuma sanin cewa wani na jiranka yakan fitar da kai a ranar da kai kaɗai ba za ka fita ba. Wajen zaɓen malami, ka nemi mai koyar da salo mai taushi irin hata ko Iyengar, wanda ke tambayar lafiyarka kafin a fara, ba ya taɓa jikinka sai da izini, kuma ba ya yi maka alƙawarin warkewa. Wanda ya ce magani guba ne, ko ciwonka rashin ƙoƙari ne, ka bar ajinsa ko da ya iya tsayuwa da ka.

Akwai alamar da ke kama da sauƙi alhali ba shi ba ne. Idan ka wayi gari barcin awa biyu ko uku na isarka, magana na zubo maka ba tsayawa, kana jin za ka iya komai, kana kashe kuɗi ba lissafi, ka sanar da likita da wuri. Wasu masu damuwa suna da ciwon da ke kai mutum ƙasa ya kuma cilla shi sama, kuma maganinsa daban ne.

Ranar da ba ka iya tashi

Za ta zo, wataƙila a mako na uku, daidai lokacin da ka fara ganin haske. Ka buɗe ido ka ji buhun yashin ya dawo, tabarma na nan a gefen gado amma kamar tana wata ƙasa. Kada ka ƙirga ranar a matsayin faɗuwa, kuma kada ka ce sai ka rama gobe da awa guda.

Ka yi a inda kake. Kana kwance, ka ɗora hannu a cibiya, numfashi biyar, huɗu ciki, shida waje. Ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka rungume ta, numfashi uku, ka sauya. Ka lanƙwasa gwiwoyi biyu ka bar su su faɗi dama, ka dawo da su, su faɗi hagu. Ka miƙa hannuwa sama da kai, ka ja yatsun ƙafa ƙasa, miƙa irin ta wanda ya tashi barci. Sannan ka juya ta gefe, ka dafa katifa, ka zauna a bakin gado, tafin ƙafafunka biyu a kan tabarmar. Ka zauna haka numfashi uku. In daga nan ka iya miƙewa ka buɗe labule, to. In ba ka iya ba, ka ɗauki littafin ka rubuta kwanan wata da "minti biyu, a gado", sannan ka tura wa mutum ɗaya saƙo ka ce masa yau da nauyi.